Tsinken gwajin fitar ƙwai da manhajarsa a hannun mai rikicewar al'ada

Wata 7 ke nan ina amfani da tsinken gwajin fitar ƙwai, irin wanda ake tsomawa a fitsari, tare da manhajar waya da ke ɗaukar hotonsa ta karanta sakamakon. Fakiti 2 masu tsinke 50 kowanne sun ƙare a hannuna, yanzu ina cikin na 3. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin tsinkayen da ke kasuwa masu wannan siffa duk abu ɗaya suke aunawa, kuma abin da zan faɗa ya shafe su gaba ɗaya. Ra'ayina a kai shi ne, tsinken yana yin aikin da aka ƙera shi dominsa, amma an ƙera shi ne da tunanin macen da al'adarta ke zuwa a kan lokaci. Wadda tata ke ɓacewa wata biyu ko uku, musamman idan ana zargin tana da lalurar da likitoci ke kira PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, tana iya shafe watanni tana bin sakamakon da ba ya nufin abin da take zato, kuma takardar da ke cikin kwalin ba ta ja mata kunne yadda ya kamata ba.

Shekarata 29, kuma lokacin da na sayi fakitin farko aurena ya haura shekara ɗaya da 'yan watanni. Tun ina budurwa al'adata ba ta taɓa tsayawa a kan lissafi ɗaya ba. Wani lokaci ta zo bayan kwana 38, wani lokaci 52, akwai kuma karon da na ƙirga kwana 71 kafin in ga jini. Ga wasu gashi masu kauri da ke fito mini a haɓa, ga ƙurajen fuska da suka ƙi barina har bayan shekarun tashen balaga, ga bayan wuyana da ya yi duhu kamar datti alhali sabulu ba ya fitar da shi. Wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa ce mini waɗannan alamu sun yi kama da na PCOS, sai dai magana ce ta baka, ba a yi mini wani gwaji ba. Da damuwar haihuwa ta fara hana ni barci, sai na yi tunanin cewa idan har na gano ranar da ƙwai ke fita, sauran mai sauƙi ne. Da wannan tunanin na sayi tsinken.

Kowane tsinke yana cikin ledarsa a rufe, siriri ne, da alamar iyakar da ba a so fitsari ya wuce ta. Ana tara fitsari a ƙaramin kofi mai tsabta, a tsoma bakin tsinken na 'yan daƙiƙu, a kwantar da shi a wuri busasshe, a karanta bayan minti 5. Kwalin da na saya bai zo da kofi ba, wanda ƙaramin abu ne amma ya kamata a ce an saka. Abin da tsinken ke nema shi ne wani sinadarin jiki da ake kira LH, wanda wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ke fitarwa. A jikin macen da komai ke tafiya daidai, wannan sinadari yana zama kaɗan a yawancin kwanakin wata, sannan ya yi tashin gaggawa sau ɗaya, kuma kimanin awa 24 zuwa 36 bayan tashin nan ma'ajiyar ƙwai takan saki ƙwai. Ƙwan ba ya wuce awa 12 zuwa 24 yana jiran haɗuwa da maniyyi, alhali ƙwayoyin maniyyi suna iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace. Saboda haka sanin ranar tashin LH yana da amfani na gaske ga ma'auratan da ke neman haihuwa, domin yana nuna musu kwanakin da kusantar juna ta fi yiwuwar zama ciki. Ba ni da ja da wannan ko kaɗan.

Kuskurena na farko a wajen karatu ne, kuma na san ba ni kaɗai na yi shi ba. Duk wadda ta saba da tsinken gwajin ciki ta san cewa layi na biyu, ko da dishi-dishi ya fito, yana nufin akwai ciki. A tsinken fitar ƙwai ba haka abin yake ba, saboda kullum akwai ɗan LH a jiki, don haka layi na biyu yakan bayyana kusan kowace rana. Ba a lissafa shi a matsayin sakamako mai kyau sai duhunsa ya kai na layin farko ko ya fi shi. An rubuta wannan a takardar bayani, amma da ƙananan haruffa a tsakiyar wani dogon sakin layi, kuma sai da na yi kwana uku ina murna da layin da bai kai ba kafin na koma na karanta da kyau.

Ta fuskar ingancin ƙira ba ni da ƙorafi mai yawa. A cikin tsinke sama da 100 da na yi amfani da su, 2 ne kawai layin farko ya ƙi fitowa a jikinsu, na zubar na sake. Launin yana fitowa a fili, ba ya yaɗuwa ya ɓata wurin karatu. Wahalar tana ga ƙa'idar amfani: takardar ta ce kada a yi da fitsarin farko na safe, a zaɓi lokaci ɗaya da rana a riƙe shi, a kuma rage shan ruwa na kimanin awa 2 kafin gwajin don kada fitsari ya tsinke. Ga wadda za ta yi haka kwana 5 ko 7 a wata, babu damuwa. Ni kuwa sai da na yi kwana 50 a jere ina tsara shan ruwana da fitata daga gida a kan ƙarfe 2 na rana.

Dalilin haka yana cikin jadawalin da ke bayan takardar, wanda ke gaya wa mace ranar da za ta fara gwaji bisa tsawon zagayen al'adarta, wato daga ranar farko ta jini zuwa ranar farko ta jinin da ke biye. Jadawalin ya tsaya ne a zagayen kwana 40, kuma ya ɗauka cewa mace ta san tsawon nata. Wadda nata ke yawo tsakanin 38 da 71 ba ta da gurbi a cikinsa. Na fara a rana ta 10 don kada in makara, na ci gaba ba tsayawa, kuma fakitin da aka ce zai isa watanni da dama ya ƙare kafin al'ada ɗaya ta zo. Duk mai irin halina da ke son saye ya kamata ta sa wannan a lissafin kuɗinta tun daga farko.

Na ɗauki wani ƙaramin littafi ina manna kowane tsinke da salatif bayan ya bushe, ina rubuta ranar zagaye a gefensa. Idan na buɗe shafukan zagayen farko yanzu, abin da ido ke gani shi ne layi na biyu da bai taɓa yin haske sosai ba, kullum yana nan da ɗan duhunsa kamar yana shirin kai wa ga na farko. A rana ta 14 ya kai. Na nuna wa maigidana, muka yi farin ciki, na soma ƙirgen mako biyu. A rana ta 23 da ta 24 ya sake kaiwa, na ce wataƙila na farkon kuskure ne, wannan ne na gaskiya, na sake sabon ƙirge. A rana ta 37 ya kuma kaiwa karo na uku. Tsakanin waɗannan ranaku na yi gwajin ciki sau 6, kowanne layi ɗaya tak. Jini bai zo ba sai a rana ta 64, kuma na tuna ina zaune a bakin gado da littafin a cinyata, ina juya shafukan, na rasa wanne daga cikin ukun zan gaskata. Zagaye na biyu ya yi kwana 48, da sakamako mai kyau sau biyu da ke da tazarar kwana 11 a tsakaninsu.

Bayanin wannan, kamar yadda na fahimta daga baya, ba shi da wuya. Da yawa daga cikin masu PCOS sinadarin LH ɗinsu yana zama a sama ko da ba lokacin fitar ƙwai ba ne, alhali yawancin irin waɗannan tsinkaye an saita su ne su nuna sakamako mai kyau da zarar sinadarin ya kai wajen ma'auni 25. Wadda nata ke zaune kusa da wannan iyaka, ɗan motsi kaɗan ya isa ya haura da shi. Bayan haka, jiki yana iya yunƙurin sakin ƙwai, sinadarin ya tashi, amma ƙwan bai nuna ba balle ya fita, sai a sake wani yunƙurin bayan kwanaki. Hadari ba ruwa ba ne, alama ce, kuma tsinken hadarin kawai yake iya gani. Ba shi da hanyar sanin ko ƙwai ya fita. A takardar bayanin akwai jimla ɗaya a can ƙasa da ke cewa wasu lalurori, ciki har da PCOS, na iya shafar sakamako. Gaskiya ce, amma jimla ɗaya ba ta isa ba, ganin cewa matan da al'adarsu ta rikice su ne suka fi kowa ɗokin sayen wannan kaya, tun da su ne ba su da wata hanyar lissafi.

Akwai kuma abin da ya yi wa zamanmu, wanda ba a rubuta shi a jikin kwali. Kusantar juna ta koma abin da layi ke ba da umarninsa, kuma da yake layin yana kira sau uku a zagaye ɗaya ba tare da sakamako ba, gajiya da ɓacin rai suka fara shiga tsakani. Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma wata rana ya ce mini a hankali, yana ganin wannan littafin yana ƙara mini damuwa fiye da yadda yake rage ta. Na ji zafin maganar a lokacin, ko da yake gaskiya ya faɗa.

Manhajar tana da fuska biyu. Amfaninta shi ne tana ajiye tarihi: ranar da jini ya fara, ranar da ya ɗauke, hoton kowane tsinke, da duk alamar da mace ta shigar, kuma ana iya fitar da su a shafi guda a nuna wa likita. Illarta kuwa tana ga hasashe. Da na shigar da bayanaina sai ta zana mini kalanda mai kwanakin da ta kira na samun ciki, ta ɗora su kusa da tsakiyar wata kamar zagayena kwana 28 ne, kuma ko bayan ta ga zagayen kwana 63 ba ta daina hasashe da cikakken tabbaci ba, sai dai ta riƙa matsar da ranakun gaba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne saƙon da take turowa cewa al'adata ta yi jinkiri da kwana kaza, ko zan gwada ciki. Ga macen da jinkiri shi ne halin jikinta, kuma take kwana da begen ciki, wannan saƙo fami ne. Sai da na shiga saituna na kashe shi, kuma ban ga wurin da zan gaya wa manhajar cewa al'adata ba ta da tsari don ta daina lissafa mini ranaku ba. Karatun hoton ma ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. Manhajar tana kwatanta duhun layukan biyu ta ba da lamba, inda 1 ko sama da haka ke nufin sakamako mai kyau. Na taɓa ɗaukar tsinke ɗaya sau biyu a cikin minti guda, a bakin taga ta ba ni 0.8, a ƙarƙashin fitilar ɗaki ta ba ni 1.1. Ga wadda layinta ke zaune a kan iyaka, wannan bambanci shi ne tsakanin e da a'a. Ina kuma ba da shawarar a duba saitunan sirri kafin a shigar da komai, domin bayanan al'ada da na kwanciyar aure ba abin da za a miƙa ba ne ba tare da an san inda za su je ba.

A wata na 4 na je wurin likitar mata da littafina a jaka. Ta karɓa ta yi ta juya shafukan, ba ta tsaya a kan layukan sosai ba, ranakun jini take bi da biro. Da ta ɗago sai ta ce, "Malama, tun yaushe al'adarki take haka?" Na ce, "Likita, tun farkonta." Ta ce da na zo tun kafin in sayi tsinken, domin shawarar da ake bai wa ma'aurata ta su jira shekara ɗaya kafin a fara bincike, ko wata 6 idan matar ta kai shekara 35, ta shafi waɗanda ba su da wata alama ce. Wadda zagayenta ke gaza kwana 21, ko yake wuce 35, ko take ganin al'ada ƙasa da sau 8 a shekara, ba ta da dalilin jira. Wannan magana ita ce babban abin da nake riƙe da shi a kan tsinken: ya ba ni abin yi a kullum, sai na ji kamar ina kan hanyar magani, alhali watanni ne ke wucewa.

Ta bayyana mini cewa ba a tabbatar da PCOS da tsinken fitsari, ba a kuma tabbatar da ita da hoton sikanin kaɗai. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce wadda masana suka amince da ita a taron birnin Rotterdam na ƙasar Netherlands a shekarar 2003, wadda ta ce sai an sami biyu daga cikin abubuwa uku: rikicewar al'ada ko rashin fitar ƙwai, alamun yawan sinadarin maza a jiki ko a gwajin jini, da kuma ganin tarin ƙananan jakunkunan ƙwai a sikanin. Kafin a yanke hukunci kuma dole a kawar da sauran lalurorin da ke kwaikwayonta. Don haka ta rubuta mini gwajin ciki, da na tayirod, da na furolaktin wanda shi ne sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa kuma yawansa na iya tsayar da al'ada, da na testostaron wato sinadarin maza, da wani na ƙarin bincike a kan halittun da ke saman ƙoda. Ta haɗa da gwajin suga wanda ake shan ruwa mai giram 75 na gulukos a auna jini bayan awa 2, saboda lalurar tana da alaƙa da yadda jiki ke ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, kuma duhun bayan wuyana na cikin alamun hakan.

Sikanin ya nuna jakunkuna fiye da 20 a kowane ɓangare, jere a gefen ma'ajiyar ƙwai. Na tsorata da na gansu a allo, domin sunan lalurar, wanda a Turanci ke nufin ma'ajiyar ƙwai mai ƙulle-ƙulle da yawa, yana sa mutum ya zaci ƙari ne ko ƙulli da za a yi wa tiyata. Likitar ta ce ƙananan jakunkuna ne masu faɗin milimita 2 zuwa 9, kowacce da ƙwai a ciki wanda ya fara girma ya tsaya a hanya, kuma matsalar ba ƙarancin ƙwai ba ce, rashin wanda zai yi gaba ya nuna ya fita ne. A cikin duk abin da na ji tun fara wannan nema, babu jimlar da ta kwantar mini da hankali kamar wannan. Lalurar ba sabuwa ba ce a wurin likitoci, tun a 1935 wasu likitoci biyu a Chicago ta Amurka, Stein da Leventhal, suka yi bayaninta a kan mata 7 da suka duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2025 cewa tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba a gano suna da ita ba. Idan aka dubi wannan adadi, za a ga cewa mai sayen tsinken da ke ɗauke da lalurar ba tare da ta sani ba ba baƙuwa ba ce a cikin masu saye.

Gwajin da ya auna gaskiyar tsinken a jikina shi ne na furojestaron. Wannan sinadari yana tashi ne bayan ƙwai ya fita, kuma ana auna shi a jini kimanin kwana 7 bayan ranar da ake zaton fitar. Mutane sun saba kiransa gwajin rana ta 21, amma wannan lissafi na mai zagayen kwana 28 ne. A zagayena na uku tsinken ya nuna sakamako mai kyau a rana ta 19, manhajar ma ta tabbatar, sai likitar ta sa aka ɗebi jinina a rana ta 26. Sakamakon ya fito ƙasa ƙwarai, ma'ana babu ƙwan da ya fita. Na ajiye takardar a shafin da tsinken rana ta 19 yake manne, layukansa biyu masu duhu iri ɗaya suna kallon lambar da ta ƙaryata su.

Likitar ba ta tsaya a kaina ni kaɗai ba, ta ce maigidana ma ya yi gwajin maniyyi kafin a fara ba ni magani, kuma ya yi, nasa ya fito lafiya. Ta yi mini maganar nauyin jiki ba tare da zargi ba, ta ce ga wadda ke da ƙiba rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta na iya taimakawa wajen dawo da fitar ƙwai, ko da yake akwai sirara da ke da lalurar. Ta sa na fara shan folik asid tun kafin ciki. Ta kuma ja mini kunne a kan abin da babu tsinke ko manhajar da ta taɓa faɗa mini: kada in bari kwana 90 su wuce ban ga jini ba ba tare da na dawo ba, domin shimfiɗar cikin mahaifa tana ci gaba da kauri idan ƙwai ba ya fita, kuma barinta haka shekara da shekaru yana ƙara haɗarin cutar daji ta mahaifa.

Daga nan aka ɗora ni a kan letrozol, ƙwaya ɗaya kullum na kwana 5 a farkon zagaye. Shi ne maganin da ƙa'idojin duniya na PCOS, na 2018 da sabuntawarsu ta 2023, suka sa a gaba wajen taimaka wa ƙwai ya fita. Wani babban bincike da aka wallafa a 2014 a kan mata 750 masu lalurar a Amurka ya nuna kashi 27.5 cikin 100 na waɗanda suka sha letrozol sun haihu, idan aka kwatanta da kashi 19.1 na waɗanda suka sha kulomifen, wani maganin fitar ƙwai. Ina faɗar wannan ne don mai karatu ta san akwai hanya, ba don ta je ta saya da kanta ba. Magani ne da ke buƙatar sa ido, ana duba yadda jakar ƙwai ke girma, kuma akwai yiwuwar fiye da ɗaya ta nuna.

A nan ne tsinken ya sami gurbinsa, kuma adalci ne in faɗa. Likitar ta ce in ci gaba da shi, amma in fara kwana 3 bayan ƙwayar ƙarshe, domin magungunan irin wannan suna iya ɗaga LH su ruɗa sakamako idan an yi gaggawa, kamar yadda allurar da ake yi don fasa jakar ƙwai take sa tsinken ya nuna sakamako mai kyau na ƙarya. A wannan zagaye sikanin rana ta 14 ya nuna jaka guda da ta kai milimita 18. A rana ta 16 layi na biyu ya yi duhun da ban taɓa gani ba a duk shafukan littafina, ya fi na farko nesa ba kusa ba, kuma bayan kwana biyu ya dusashe sarai. A daidai kwanakin na ga ruwa mai yauƙi da santsi wanda ake cewa yana zuwa gab da fitar ƙwai. Gwajin furojestaron bayan mako guda ya tabbatar ƙwai ya fita, al'ada kuma ta zo a rana ta 31. Ciki bai shiga ba a wannan karo, na yi kuka, amma kukan ya bambanta da na baya, domin wannan ne karo na farko da tsinke da sikanin da jini suka faɗi magana ɗaya. Sai a lokacin na gane yadda tashin LH na gaskiya yake, na kuma gane cewa abin da nake ta gani a baya layi ne da ke shawagi a bakin iyaka.

Ga wadda al'adarta ke zuwa tsakanin kwana 21 zuwa 35 ba tare da tazara mai yawa ba, ina ganin tsinken kaya ne mai kyau, mai sauƙin amfani, kuma fakiti ɗaya zai daɗe mata. Ga wadda likita ke bibiya a kan maganin fitar ƙwai, yana taimakawa wajen cike kwanakin da ke tsakanin sikanin da sikanin. Ga wadda take inda nake wata 7 da suka wuce, al'ada a rikice, zargin PCOS a zuciya, babu gwaji ko ɗaya, ba na ba ta shawarar ta fara da shi. Ta fara da rubuta ranakun jininta a takarda ko a manhaja bayan ta kashe hasashen, ta kai wa likitar mata. Na'urar da ke nuna sakamako a ƙaramin allo maimakon layuka tana kawar da wahalar kwatanta duhu, amma tun da ita ma LH take aunawa, matsalar mai PCOS tana nan. Ma'aunin zafin jiki da ake sawa a baki da asuba kafin a tashi daga gado yana nuna ɗan ƙarin zafi na kusan digiri 0.3 bayan ƙwai ya fita, don haka yana iya zama shaida ta biyu, sai dai labarin abin da ya riga ya wuce yake bayarwa, kuma rashin barci ko zazzaɓi na ɓata shi.

Abin da nake roƙon masu ƙera tsinken ba shi da yawa. Su ɗauko gargaɗin PCOS daga ƙasan takarda su sa shi a jikin kwali da manyan haruffa, su rubuta cewa sakamako mai kyau fiye da sau ɗaya a zagaye guda dalili ne na ganin likita, su kuma sa wa manhajar maɓallin da mace za ta ce al'adarta ba ta da tsari, don ta koma ajiye tarihi kawai. Yanzu ina rana ta 9 a zagaye na biyu na letrozol, tsinke 23 suka rage a fakitin, kuma gobe zan tsoma na farko, sikanin kuwa an sa mini shi a rana ta 13.